Tabon Zuciyata Yana Nan, Ni Kuma Ina Tafiya

Shekarata 54 bugun zuciya ya same ni. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma ina tsakiyar darasi abin ya zo. Ba zan ja zancen wannan ranar ba, domin duk wanda ta taɓa riska ya san ta: nauyi a ƙirji, ciwo yana gangarawa hannun hagu yana hawa muƙamuƙi, gumi mai sanyi, tashin zuciya. An garzaya da ni asibiti, aka gano ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya ce ta toshe. Aka zura siririn bututu ta wuyan hannuna aka buɗe ta, aka bar wata 'yar ragar ƙarfe a ciki don kada ta sake rufewa. Alhamdu lillahi, na tashi. Labarin da nake so in bayar na abin da ya biyo baya ne, wanda ba a cika ba da shi ba, don a ganin mutane da zarar an sallame ka daga asibiti magana ta ƙare.

Kafin sallamar aka yi mini hoton zuciya, irin wanda ake shafa wani ruwa mai yauƙi a ƙirji a ɗora na'ura. Likitan ya juyo mini da allon ya nuna wani gefe na bangon zuciyar. Ko'ina yana matsewa yana sakewa, shi wannan gefen da ƙyar yake motsi. Ya ce tsokar da jini ya yanke mata har ta mutu ba ta dawowa, tabo take zama. Ya ce zuciyar mai lafiya kan tura kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari na jinin da ke babban ɗakinta na hagu a kowace bugawa, tawa kuwa tana tura kashi 40 da 'yan kai. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana ba ɗalibai maki, ka ce masa 40 da 'yan kai ya ci, ai ka san inda hankalinsa zai tafi. Da wannan lambar na koma gida, da ita nake kwana, da ita nake tashi.

A gida aka shiga lallaɓa ni kamar ƙwai. An sauko da gadona ƙasa don kada in hau matakala. Babban ɗana ya karɓe makullin mota. In na miƙe, kafin in yi taku biyu matata ta taso: "Malam, ina za ka? Faɗi abin da kake so in kawo maka." Duk wanda ya zo duba ni maganarsa ɗaya ce: in huta, kada in wahalar da zuciyar, wane ma haka ya ce ya warke ya koma aiki, aka wayi gari babu shi. Ƙauna ce tsantsa, ban taɓa shakkar haka ba. Ni kaina ma ba sai an hana ni ba, tsoro ya riga ya ɗaure ni. Da dare sai in ɗora yatsu a wuyan hannuna ina ƙirga bugawa, in kuwa na ji 'yar suka a haƙarƙari, to barci ya ƙare ke nan, zaune zan yi ina sauraron ƙirjina har gari ya waye.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kullum hutawa nake, kullum kuma ƙarfina raguwa yake. Da farko ina iya zagaya gida. Daga baya zuwa banɗaki ma sai na dafa bango ina haki. In na tashi daga kwance jiri ya kwashe ni. Cinyoyina suka zube, wandona ya yi mini yawa. Fassara ɗaya ce ta zo mini, cewa zuciyar ce ke ƙara lalacewa.

Ranar da muka koma ganin likitan zuciya, ya duba awon jinina, ya saurari ƙirjina, ya danna ƙafafuna ya ga babu kumburi, sannan ya ce, "Malam, kamar tafiyar minti nawa kake yi a rana?" Kafin in buɗe baki matata ta amsa, har da ɗan alfahari: "Ai likita, ko tsinke ba ma barin shi ya ɗaga." Ya ajiye biro ya dube ta. "Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, kin yi jinya. Amma daga yau ni ke roƙon ki, ki bar shi ya ɗaga tsinken." A nan ya rubuta mini takardar shiga shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya. Ya ce kafin komai sai an auna abin da jikina ke iya yi.

Gwajin nan ba na mantawa da shi. An aske wasu wurare a ƙirjina aka manna wayoyin ECG, na'urar da ke zana bugawar zuciya, aka ɗaura abin awon jini a damtsena, aka ce in hau na'urar tafiya, wadda bel ke gudana a ƙarƙashin ƙafarka kana tafiya ba ka zuwa ko'ina. Wani likitan zuciya ɗan Amurka, Robert Bruce, shi ya fitar da tsarin a 1963: duk bayan minti uku a ƙara gudun bel ɗin, a ƙara ɗaga gabansa ya zama hawan tudu. Ainihin tsarin yana farawa da tafiyar kilomita 2.7 a awa, a kan tudun da ya tashi kashi 10 cikin ɗari. Irinmu kuwa akwai sassauƙan nau'i da ake fara mana a shimfiɗe. Na riƙe ƙarfen gaba gam har gaɓoɓin yatsuna suka yi fari. Nas ɗin ta ce, "Baba, sassauta riƙon, dafawa kawai za ka yi, in ka rataya a jikinsa na'urar za ta yi maka ƙarya." Idona yana kan layukan da ke gudu a allo duk da ban iya karanta su ba, ina jiran ciwon ranar farko ya dawo. Bai dawo ba. Ƙafafuna ne suka fara rawa, numfashi ya ƙi isa, na ɗaga hannu aka tsayar. Likitan ya bi takardar da ido ya ce babu alamar jini yana yanke wa tsokar zuciya yayin aiki. Ƙafafun ne suka gaza.

Likitan fisiyo da ke kula da shirin, matashi ne sa'an ɗana, ya zaunar da ni ya ce, "Malam, an ce lissafi kake koyarwa. To bari in ba ka wata lambar ka ɗora a kan waccan." Lambar ita ce MET. Mutum yana zaune shiru, jikinsa kan sha kimanin mililita 3.5 na iskar oksijin a minti ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa, wannan shi ne MET 1. Duk wani aiki ninkinsa ne. Tafiya a natse MET 2 zuwa 3, tafiya da ɗan hanzari wajen 4, sassarfa 7 zuwa 8. Iyakar da na kai a gwajin ba ta cika 5 ba. Ya ce wannan lambar tana faɗin makomar mai ciwon zuciya ƙwarai da gaske, kuma bambancinta da tabon shi ne ita tana motsawa.

Ban yarda da shi nan take ba, ɗabi'ar aiki ce. Sai na sa 'yata ta nemo mini binciken da ya ambata, na zauna da tabarau na karanta. A 2002 wani mai bincike, Jonathan Myers, shi da abokan aikinsa a jihar Kalifoniya suka wallafa sakamakon bin diddigin maza 6,213 da aka yi wa irin gwajin nan, wasu masu ciwon zuciya wasu marasa shi, na tsawon kimanin shekara shida. Suka ga iyakar aikin da mutum ya iya yi a kan na'urar ta fi hawan jini da ciwon suga da shan taba nuna wanda zai rayu. Kowane ƙarin MET 1 yana tafiya da ƙarin kashi 12 cikin ɗari na damar rayuwa, kuma waɗanda ba su kai 5 ba sun fi mutuwa nesa ba kusa ba a kan waɗanda suka haura 8. A wannan shekarar dai, Terence Kavanagh na birnin Toronto a Kanada ya fitar da nasa a kan maza 12,169, su kuma dukkansu irina ne, masu ciwon zuciya da aka tura shirin farfaɗowa. Shi ma abin da ya samu ke nan. Wannan Kavanagh ɗin shi ne a 1973 ya kai wasu majinyatansa da suka taɓa yin bugun zuciya tseren dogon zango na Boston, kilomita 42, bakwai daga cikinsu suka kammala. Ni ban taɓa sha'awar tsere ba, har yanzu ma ba na yi. Amma daren da na karanta wannan ban ƙirga bugawar zuciyata ba.

Tsarin shirinmu irin wanda aka saba a Amurka ne, sau uku a mako har mako 12, zama 36 ke nan. Babu wani abin mamaki a cikinsa. A auna jininka da bugawar zuciyarka, ka ɗumama jiki, ka hau keken da ba ya tafiya, ka koma na'urar tafiya, daga baya a ƙaro ɗaga ƙananan ƙarafa da jan roba, sannan ka sauko da sannu, ba a tsayawa cak. Lissafin nan da ake yawo da shi na cire shekarunka daga 220 don sanin iyakar bugawar zuciya ba ya aiki a kanmu, domin yawancinmu muna shan maganin da ke rage gudun zuciya. Daga gwajin da aka yi maka ake cire iyakarka. Sannan a bango akwai wani allo mai lambobi daga 6 zuwa 20, na wani masani ɗan Suwidin mai suna Gunnar Borg, 6 babu wahala ko kaɗan, 20 ka kai maƙura. Ana so ka zauna tsakanin 11 da 14. Nas ɗinmu tana da tata hanyar da ta fi allon sauƙi. Sai ta tsaya kusa da kai ta ja ka da hira. In kana amsawa da cikakkiyar jimla kana ɗan haki, daidai ne. In kalma ɗaiɗai ke fita, ta rage maka. In kuwa ka fara ba ta labarin jikokinka tiryan-tiryan, sai ta miƙa hannu ta ƙara gudun, ta ce, "Baba, hira ka zo."

Tsoron da na zo da shi wani abu ne ya kore shi, wanda na zaci ƙara shi zai yi. Wata rana wani dattijo da ke kan keke kusa da ni ya dafe ƙirji. Na ji cikina ya ɗuri ruwa. Nas ta riga ta gani a allo. Ta sauko da shi ta zaunar, ta sa masa ƙwayar ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe, ta kira likita, aka sake masa ECG. Ciwon ya lafa cikin 'yan mintuna. Aka gyara masa magani, bayan an sake duba shi ya dawo aka rage masa nauyin keken. Babu ihu, babu gudu. A nan na gane ciwon ƙirji ma yana da matakai, kuma akwai abin da ake yi a kowane mataki. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1986 a kan shirye-shirye irin wannan guda 167 ya nuna zuciya kan tsaya wa mutum ɗaya ne a cikin kimanin awa 112,000 na motsa jikin majinyata. Ga kuma na'urar girgiza zuciya da lantarki rataye a bango, ga waɗanda suka iya aiki da ita. In har wani abu zai faru da ni, wannan ɗakin ya fi gadona na gida tsaro.

Akwai tambayoyin da ba a yi a gaban jama'a. Ɗaya daga cikinsu ta kusantar iyali ce. Kowa na son ya ji, kowa na jin nauyi. Likitan fisiyon ne ya ɗauke mana nauyin, ya ce aikin da zuciya ke yi a wannan hali bai wuce MET 3 zuwa 5 ba, kwatankwacin hawa bene biyu da ɗan hanzari, don haka wanda gwaji ya nuna yana kai wannan ba tare da ciwo ba yawanci babu abin tsoro, amma ya tambayi likitansa, musamman kada mai shan ƙwayar ƙarƙashin harshe ya haɗa ta da maganin ƙarfin maza, don jini na iya faɗuwa warwas. Ɗakin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, amma ba wanda ya fita. Ɗayar kuma ta damuwa ce. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka yi bugun zuciya kan faɗa ciwon damuwa, kuma shi ma yana taɓa makomar zuciyar. Ni na ɗanɗana gefensa a watannin zaman gida, lokacin da ko magana ba na so a yi mini. Mata kuwa tsiraru ne a ajinmu. Wata baiwar Allah da muka fara tare ta daina zuwa tun ba a yi nisa ba, wai babu mai riƙe mata gida. Na ji daga baya cewa haka abin yake a ƙasashe da dama, ba a cika tura mata ba, waɗanda aka tura ma ba su cika kaiwa ƙarshe ba. Wannan yana ci mini rai har yau.

Da na ci gaba da karatu sai na daina ganin baiken masu ce mini in huta, domin ashe maganar likitoci ce suke maimaitawa, ta shekaru saba'in da suka wuce. A wancan zamanin wanda ya yi bugun zuciya kwantar da shi ake yi a gado kamar mako shida, ko juyawa da kansa ba a so ya yi, a kan tunanin cewa sai tabon ya ƙame. A 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka wallafa abin da ya tayar da ƙura: sun riƙa sauko da majinyatansu daga gado suna zaunar da su a kujera, kuma majinyatan suka fi samun sauƙi. Kujera fa kawai. Shi Lown ɗin yana cikin waɗanda suka samar da irin na'urar girgiza zuciyar da ke rataye a bangon ɗakinmu. A 1955 Shugaban Amurka Eisenhower ya yi bugun zuciya yana kan mulki. Likitansa, Paul Dudley White, mutum ne mai son hawa keke, ya ƙarfafa shi ya koma harkokinsa. Ya sake tsayawa zaɓe a 1956, ya ci.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na birnin Dallas. A 1966 aka ɗauki samari biyar 'yan shekara 20, lafiyarsu ƙalau, aka kwantar da su a gado mako uku. Da suka tashi, ƙarfin jikinsu na amfani da oksijin ya ragu da kusan kashi 27 cikin ɗari. Aka horar da su mako takwas, ya dawo har ya zarce. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar suna 'yan hamsin aka auna su, sai aka ga tsufan shekara 30 bai rage musu abin da kwanciyar mako uku ta rage musu ba. Samari ke nan da ba su da tabo. Na karanta wa matata wannan da kaina. Ta yi shiru, can ta ce, "Wato hakin nan da kake yi, mu muka jawo?" Na ce mata ba wanda ya jawo, kowa ya yi abin da ya sani ne. Washegari ita ta riga ni sa takalmi.

A ƙarshen shirin aka maimaita mini gwaje-gwajen biyu. A kan na'urar tafiya na kai wajen MET 8. Bugawar zuciyata ina zaune ta sauka, kuma in na tsaya bayan aiki tana saurin komawa daidai, wanda shi ma alama ce mai kyau da likitoci ke dubawa a minti na farko. Na shiga ɗakin hoton zuciya da murnata, na tabbata 40 da 'yan kan nan ta haura 55. Likitan ya juyo da allon. Gefen nan yana nan yadda yake, da ƙyar yake motsi. Lambar ta ɗan gusa, gusawar da shi kansa ya ce ba ta wuce kuskuren awo ba. Gwiwata ta yi sanyi. Na ce, "To likita, duk wahalar nan ina ta tafi?"

Amsarsa ita ce abin da ya sa nake rubuta wannan labari. Ya ce yawancin canjin a tsokokin ƙafafuna da jijiyoyina ya faru. Tsokar da ake sa ta aiki tana tsiro da ƙananan hanyoyin jini, ƙwayoyinta suna ƙara sassan da ke ƙona oksijin su samar da ƙarfi, don haka daga jinin da ya iso gare ta tana tatsar oksijin fiye da da. Jijiyoyin jini kuma suna ƙara laushi, suna buɗewa da sauƙi, zuciya ba ta turawa da ƙarfi kamar da. Saboda haka matakalar da a da sai zuciyata ta yi ta dukan uku-uku kafin in kai samanta, yanzu da 'yar bugawa kaɗan take kai ni. Ita kanta zuciyar da ke aiki a hankali oksijin kaɗan take nema, kuma tana samun isasshen lokaci tsakanin bugawa da bugawa da jini zai shiga nata jijiyoyin. Zuciyar ita ce dai ta jiya da tabonta, jikin da take yi wa hidima ne ya rage mata kaya. Ya ce mutum biyu na iya zuwa masa da hoto iri ɗaya, ɗaya ya kai MET 4 ɗaya ya kai 9, kuma ba makomarsu ɗaya ba.

Sai dai malamin lissafi ba ya barin irin wannan ta wuce haka nan. Abin da nake koya wa ɗalibaina ne cewa abu biyu su riƙa tafiya tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Wataƙila masu MET 9 ɗin tun asali ciwonsu ya fi sauƙi, shi ya sa suka iya tafiya, shi ya sa kuma suka daɗe. Akwai wani bincike na 2010 a kan tsofaffi 30,161 a Amurka da ya nuna waɗanda suka halarci zama 36 haɗarin mutuwarsu ya gaza na waɗanda suka zo sau ɗaya tak da kashi 47 cikin ɗari. Lamba ce mai daɗin ji, amma wanda ya zo sau ɗaya ya daina, me ya hana shi dawowa? Ƙila jikin ne ya fi tsanani. Ga kuma wani gwaji da aka yi a Ingila da Wales, aka wallafa a 2012, inda aka raba mutum 1,813 ta hanyar ƙuri'a, wasu suka shiga shiri wasu ba su shiga ba, ba a ga bambanci a mutuwa ba. Masu suka sun ce shirye-shiryen da aka gwada gajeru ne kuma motsa jikin bai taka kara ya karya ba, sannan ba a kai yawan mutanen da aka tsara ɗauka ba. Duk da haka sakamakon yana nan, ba a share shi.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne bitar da Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ta yi a 2021, wadda ta tattara gwaje-gwaje 85 irin na ƙuri'a, mutum 23,430. Ta nuna shirin yana rage sake yin bugun zuciya, yana rage komawa gadon asibiti, yana kyautata jin daɗin rayuwa, kuma in aka bi mutane shekaru masu yawa yana rage mutuwa ta dalilin zuciya. A kan mutuwa ta kowane irin dalili kuwa, bambancin ƙarami ne. Ni a nawa hukuncin wannan ya isa. Ba wanda ya yi mini alkawarin kwana, kwana na Allah ne. Amma a ce ga abin da zai rage maka yiwuwar sake kwanciya a kan teburin nan ana zura maka bututu, kuma a yanzu-yanzu ya mayar maka da ajinka da matakalarka da makullin motarka, ban ga dalilin jan ƙafa ba. Kuma ba a madadin magani yake ba. Ƙwayoyina na hana daskarewar jini da na rage kitse a jini da na rage gudun zuciya ban taɓa ajiye su ba, ba kuma zan ajiye ba sai likita ya ce.

Shekaru sun shuɗe tun daga nan. Akwai abin da ba a cika faɗa wa mutum ranar da ya gama shirin ba, ko ana faɗa murna ba ta bari ya ji: ƙarfin nan ba ya ajiyuwa. Na gani da idona a shekarar da gwiwata ta kumbura aka hana ni tafiya na wani lokaci. Ko da ta warke, matakalar makaranta ta sake yi mini tsawo, tsohon hakin ya dawo. Jiki magayi. Bambancin kawai shi ne wannan karon na san sunan abin, ban ce zuciyar ce ta lalace ba. Na je aka duba ni don a tabbatar, aka mayar da ni kan keke saboda gwiwar, na sake hawowa da kaɗan-kaɗan. Yanzu ma'aunina shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, da ɗaga ɗan nauyi kwana biyu a mako. Akwai makon da nake zarcewa, akwai wanda da ƙyar nake cikewa. Gwajina na baya-bayan nan ya ɗan gaza wanda na yi a ƙarshen shirin, likita ya ce rabon shekaru ne, kowa ma yana biyan sa. Dokokin tsayawa kuwa na haddace su: nauyi ko ciwo a ƙirji, jiri, hakin da ya wuce kima, bugawar da ta rikice. Ko ɗaya na ji, in tsaya. In ciwon ƙirji ya ƙi lafawa cikin 'yan mintuna, asibiti kai tsaye, ba jiran gari ya waye.

Kwanakin baya wani abokin aikina, wanda na girme shi, shi ma abin ya same shi. Na je duba shi na tarar da gadonsa a ƙasa. Da muka keɓe ya kama hannuna ya ce, "Yaya, kullum ƙara lalacewa nake." Na ce masa in ya koma asibiti ya tambayi likitansa abu biyu da bakinsa, kada ya jira a ce masa: yaushe za a yi masa gwajin aiki, kuma ina za a tura shi farfaɗowa. Ya ce inda yake zuwa ba su da irin wannan shirin. Na ce ko da haka ne ya nemi a rubuta masa tsarin da zai bi a gida, da iyakar da ba zai wuce ba, a riƙa bibiyarsa, domin an gwada na gida da na asibiti a kan waɗanda haɗarinsu bai yi tsanani ba, an ga sakamakonsu ya yi kusa da juna. Abin da na hana shi kawai shi ne ya kwaikwayi nawa tsarin, tunda ban ga hoton zuciyarsa ba, ban san maganinsa ba.

Shi ya yarda. Matarsa ce ba ta yarda ba, har ta ɗan ɗaure mini fuska da zan fita, ta ce su ba za su yi ganganci da ran mutum ba. Da na dawo gida na ba matata labari, ta ce in cire bakina a ciki, gobe ita za ta je wurinta, kuma in nemo mata takardar nan ta samarin Dallas.